Kwalbar da Ake Kai wa Mai Masauki: Tambaya a kan Jar Giya da Abinci a Faransa

 

Ya ku ƴan'uwa Musulmi, idan aka ambaci giya a gabanmu, abin da ke faɗo mana a rai shi ne mashayi mai tangaɗi a bakin hanya, ko tukunyar burkutu a bayan gari, kuma babu mai bukatar dogon wa'azi kafin ya ƙyamaci wannan. Amma ƴaƴanmu da ƙannenmu da ke tafiya Faransa neman ilimi ko neman abinci suna iske giya sanye da wata riga dabam. Suna iske ta a teburin malamin jami'a mai natsuwa, wanda bai taɓa kwana a kwata ba, yana zuba kaɗan a kofin gilashi, yana shanshanawa, yana bayani a kan gonar da aka shuka inabin da shekarar da aka tsinke shi. A can, wanda aka gayyata cin abinci a gida yakan riƙo kwalba ya kai wa mai masauki, kamar yadda mu muke riƙo goro ko turare. Ɗalibin da ke neman kuɗin haya kuwa sau da yawa a gidan abinci yake samun aiki, inda za a so ya san wace giya ke tafiya da wane nama. Daga nan tambayoyi ke tasowa. Tun da ba zan sha ba, in saya wa wanda ya karrama ni? In koyi sanin ta? In zauna inda ake shan ta? A ƙarƙashin waɗannan kuma akwai wata babba wadda ba kowa ke furta ta ba: shin abin da aka yi da ilimi da tsari da kamun kai har haka, hukuncinsa ɗaya ne da na burkutu?

Kafin mu amsa, wajibi ne mu san abin da muke magana a kansa, domin malamai sun ce hukunci a kan abu reshe ne na fahimtar abin. Jar giya ruwan baƙin inabi ne da aka matse aka bar shi tare da ɓawonsa da ƙwayoyinsa, yisti ya cinye zaƙin ya mayar da shi abin sa maye, wanda yawanci yake kaiwa kashi 12 zuwa 15 cikin ɗari na abin da ke cikin kwalba. Daga ɓawon nan ne jan launi ke fitowa, daga nan ne kuma wani sinadari da ake kira tanin ke fitowa. Mun san shi ko da ba mu san sunansa ba. Shi ne baurin da ke ɗaure baki idan shayi ya daɗe a kan wuta, kuma irinsa ne ke cikin bagaruwar da majema na Damagaram ke jeme fata da ita. Aikinsa shi ne kama abin da ya samu na nama ko fata ya ƙanƙame shi. A bakin da babu komai, yawu yake kamawa, sai mutum ya ji bakinsa ya bushe. Idan kuwa akwai jan nama mai kitse a bakin, sai baurin ya yi sauƙi, maiƙon ma ya ragu. Wannan shi ne asalin abin da suke faɗa, cewa jar giya mai nauyi irin ta Bordo tana tafiya da naman rago ko na sa, mai sauƙi irin ta Burgonyi tana tafiya da kaza, kifi kuwa sun fi haɗa shi da farar giya domin jar tana sa shi ɗanɗanon ƙarfe.

Ba wasa suka ɗauki lamarin ba. A shekarar 1855, a zamanin sarki Napoleon na Uku, dillalan Bordo suka jera manyan gidajen jar giya a matakai biyar, kuma har yau ana aiki da jerin nan, gida ɗaya tak aka ɗaga zuwa matakin farko, a 1973. A 1935 gwamnati ta kafa dokar da ke tsare sunan kowane yanki, ta yadda ba mai rubuta sunan wani wuri a kwalba sai inabin wurin ne. A manyan gidajen abinci akwai ma'aikacin da ba ya da wani aiki sai zaɓar wa masu ci giyar da ta dace da abin da suka yi oda, kuma shekaru yake yi yana koyo. A 2010 hukumar UNESCO ta sanya liyafar Faransawa cikin al'adun duniya da ake adanawa, kuma daidaita abinci da giya yana cikin abin da aka ambata. Har ma jaridu sun ruwaito cewa a 2016 an fasa wata liyafa tsakanin shugaban Faransa da na Iran saboda baƙin sun nemi kada a kawo giya, masu masauki kuma suka ƙi. Mun kawo wannan duka ne domin kada wani ya zaci mutanen nan ba su san abin da suke yi ba. Wanda ya gaya wa ɗansa cewa duk mai shan giya ɗan tasha ne, ranar da yaron ya ga akasin haka da idonsa zai fara shakkar sauran abin da aka gaya masa.

To, mu dawo ga babbar tambaya. Alƙur'ani mai girma bai taɓa cewa giya ba ta da wani amfani ko daɗi ba. A aya ta 219 ta Suratul Baƙara an tabbatar da cewa mutane na samun wasu amfanoni a cikinta, sannan aka bayyana cewa zunubinta ya rinjayi amfanin. A Suratu Muhammad, aya ta 15, an ambaci ƙoramun giya cikin ni'imomin Aljanna, a Suratus Saffat kuma aka siffanta ta da cewa ba ta cutarwa, ba ta gusar da hankali. Ashe ke nan ba daɗin ne aka yi faɗa da shi ba. Wanda ya zo mana da hujjar cewa wannan giya tana da ƙamshi, tana da tarihi, tana gyara nama, bai kawo wani sabon abu ba, ya ƙara lissafa amfanonin da aka riga aka yarda akwai su ne kawai. Larabawan da aka saukar wa haramcin su ma masana giya ne. Mawaƙansu sun yi mata kirari, fatakensu sun kawo ta daga Sham, sun san mai kyau sun san marar kyau. Duk da haka Anas ɗan Malik (R.A.) ya ba da labari, kamar yadda Buhari da Muslim suka ruwaito, cewa yana cikin zuba wa mutane a gidan Abu Ɗalha sai mai shela ya sanar da haramci, aka umurce shi ya zubar, har ta gudana a titunan Madina. Babu wanda ya tsaya ya tambaya ko za a ware mai tsada.

Dalilin haramcin sa maye ne, kuma sa maye yana cikin kwalbar jikka ɗari kamar yadda yake cikin ƙwaryar dala ashirin. Gwanintar mai yin abu tana ƙara masa kuɗi da daraja a idon mutane, amma ba ta taɓa dalilin da ya sa aka hana shi. Mun san wannan a wasu wurare ba tare da gardama ba. Riba ba ta zama halal don an rubuta ta a takarda mai hatimi a ofis mai sanyi.

Sai a ce: ai su kofi ɗaya suke sha, kuma kofi ɗaya ba ya bugarwa. Gaskiya ne da yawa daga cikinsu haka suke har su mutu. Amma shari'a ba ta bar wannan ƙofa a buɗe ba, domin Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito daga Jabir (R.A.) cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya hana kaɗan na duk abin da mai yawansa ke bugarwa. A nan ne muke so mu ɗan daɗe, domin hikimar wannan tana bayyana sarai a cikin shawarar da su kansu masu giya ke bai wa sabon shiga.

Sukan ce masa: kada ka fara da mai bauri, harshenka zai ƙi ta. Fara da mai laushi mai ƙamshin ƴaƴan itace, irin ta Bojole. Kada ka sayi mai tsada, ba za ka gane bambancin ba tukuna. Sha da abinci domin baurin ya kwanta. Sannu a hankali za ka saba, sai ka hau zuwa mai nauyi. Ku duba da kyau, ƴan'uwa. Wannan shawara ikirari ce cewa harshen ɗan Adam a farkonsa ba ya son abin, sai an hore shi. Mu da muke cin goro mun san yadda ake yi, babu yaron da ya taɓa jin daɗin goro a ranar farko. Harshe bawa ne, duk abin da aka saba masa da shi zai ce yana da daɗi, saboda haka ba a kai masa shari'a. A 2001 wani mai bincike a Jami'ar Bordo ya rina farar giya ta zama ja, ya ba ɗalibai 54 masu koyon ilimin giya, sai suka siffanta ta da kalmomin da ake siffanta jar giya da su. Ba mu ce wannan ya rushe iliminsu duka ba, amma ya nuna yadda ido da zato ke jan harshe.

Abin lura shi ne, Alƙur'ani ya bi wannan hanya ta sannu a hankali, sai dai ya bi ta ne zuwa waje. An fara da ambaton cewa zunubin ya fi amfanin. Sannan a Suratun Nisa'i, aya ta 43, aka hana kusantar salla cikin maye, wanda ya ƙuntata lokacin sha tsakanin salloli biyar. Daga ƙarshe ayoyi na 90 da 91 na Suratul Ma'ida suka yanke magana. Nana A'isha (R.A.) ta bayyana, a ruwayar Buhari, cewa da haramcin giya ne ya fara sauka da mutane sun ƙi bari. Wato Mahalicci ya san sabo ba ya fita dare ɗaya. Matakalar da aka sauko da sahabbai ta kanta, ita ce ake nuna wa sabon shiga ya hau. Kuma babu wanda ya san a wane mataki zai tsaya. Malamin jami'ar nan mai kofi ɗaya yana nan, amma maƙwabcinsa da ya fara da kofi ɗaya ya ƙare a asibiti shi ma yana nan, kuma a ranar da suka fara babu likitan da zai iya rantsuwa wane ne zai zama wane. Dokar da aka yi wa al'umma duka ba a auna ta da mafi ƙarfin cikinsu.

Akwai kuma maganar lafiya. A 1991 wani shirin talabijin a Amurka ya yaɗa ra'ayin cewa jar giya ce ke kare Faransawa daga ciwon zuciya, cinikinta ya hau, maganar ta zagaya duniya har ta iso kunnuwan wasu ƴan bokonmu. Tun 1988 kuwa cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya barasa cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa ciwon daji, kuma a farkon 2023 hukumar ta bayyana cewa babu wani adadi da za a ce ba ya da haɗari. Hukumar lafiya ta Faransa ta ƙiyasta mutum 41,000 da barasa ta yi sanadin mutuwarsu a ƙasar a 2015. Su da kansu sun hana ba yara ƴan ƙasa da shekara 14 giya a makarantu a 1956, sun taƙaita tallarta da doka a 1991, kuma abin da Bafaranshe ke sha yau bai kai rabin abin da kakansa ke sha a shekarun 1960 ba. Ba da waɗannan alƙaluma muka haramta ta ba, da bincike zai juya gobe hukuncin yana nan. Ɗariƙ ɗan Suwaid (R.A.) ya taɓa kawo hujjar magani, Manzon Allah (S.A.W.) ya sanar da shi cewa ita kanta cuta ce, kamar yadda Muslim ya ruwaito.

Yanzu sai wanda ba ya sha. Shi ne ya fi ba mu tausayi, domin niyyarsa kyakkyawa ce. An karɓe shi a baƙunci, an taimake shi da takardu, an kira shi gida, yana so ya rama alheri, kuma Hausawa sun ce in ka je gari ka ga kowa da wutsiya kai ma ka nemi taka ka ɗaura. Amsar tana cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik, Muslim ma ya kawo ta daga Ibn Abbas (R.A.). Wani mutum ya kawo wa Manzon Allah (S.A.W.) kyautar salkar giya bai san an haramta ba. Da aka sanar da shi sai ya raɗa wa na kusa da shi cewa a sayar, Manzon Allah (S.A.W.) ya gaya masa cewa wanda ya hana shan ta ya hana sayar da ita, mutumin ya kwance bakin salkar ta tsiyaye. Haka nan Tirmizi da Ibn Majah sun ruwaito la'ana a kan mutum goma saboda giya, a cikinsu akwai mai matsa ta, da mai ɗauka, da mai zubawa, da mai sayarwa, da mai saye, da wanda aka saya dominsa. Mai sha ɗaya ne kawai daga cikin goman. Ko dukiyar marayu ba ta sa an sassauta ba, domin Abu Ɗalha ya yi tambaya a kan giyar da wasu marayu suka gada, aka ce ya zubar.

A hankalce ma abin a fili yake. Kyauta shaida ce, mai ba da ita yana cewa wannan abu alheri ne, ina so ya same ka. Yaya mutum zai ƙi abu ga cikinsa domin ya yi imani cuta ne, sannan ya naɗe shi a takarda ya kai wa wanda ya yi masa alheri? Ko dai bai gaskata cutar ba, ko bai damu da abokin ba. Mai aikin gidan abinci da ke cewa wannan kwalba ce za ta dace da namanka ya wuce mai ɗauka, ya zama mai ƙawata abin da kuma kira zuwa gare shi.

Ba mu jahilci cewa an ruwaito daga Imamu Abu Hanifa wani sassauci game da cinikin da Musulmi ke yi da wanda ba Musulmi ba a ƙasar da ba ta Musulunci ba, kuma wasu na jingina da shi. Amma almajirinsa Abu Yusuf ya saɓa masa, mazhabar Malikiyya da muke bi da sauran mazhabobi ba su tafi a kai ba. Tarihi ma ya nuna inda wannan hanya ke kaiwa. Bayan wani ƙwaro ya cinye gonakin inabin Faransa daga shekarun 1860, Turawan mulkin mallaka suka mayar da ƙasar noma mai kyau ta Aljeriya gonakin inabi, har a shekarun 1930 ƙasar Musulmi ta zama wadda ta fi kowace fitar da giya a duniya, da gumin manoman da ba sa shan ta. Da aka sami ƴancin kai a 1962 kasuwar Faransa ta fara rufewa, sai da aka tumɓuke gonaki masu yawa. Wanda ya gina abincinsa a kan abin da ba ya ci, makullin rumbunsa yana hannun wani.

Amma fa kada mu da muke zaune a inuwa a Maraɗi ko Tawa mu yi saurin jifan wanda ke cikin sanyi a Paris, ga haya, ga iyaye na jiran aike. Wanda ya riga ya shiga irin wannan aiki kuma ba ya da wata hanya, abin da ke kansa shi ne ya nemi a mayar da shi sashen da ba ya taɓa kwalba, ya dage da neman wani aiki da gaske, kada ya mayar da lalura mazauni. Abin da ke kanmu kuma shi ne mu rage masa nauyin bukatunmu, domin sau da yawa mu ne muke tura shi. Ko wanda ya faɗa cikin sha ba a yanke shi daga jama'a. Buhari ya ruwaito labarin sahabin da aka sha kawowa saboda giya, da wani ya la'ance shi sai Manzon Allah (S.A.W.) ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da Manzonsa.

Sanin abin kuwa, don a gane shi a kauce masa, ba laifi ba ne, wani lokaci ma dole ne. Wanda bai sani ba zai ci naman sa da aka dafa irin na Burgonyi, ko zakaran da aka dafa da jar giya, yana zaton miya ce kawai. Masu dafuwa sukan ce wuta tana kore mayen, amma gwajin da aka yi a Amurka ya nuna cewa bayan minti 15 ana tafasawa kusan kashi 40 cikin ɗari yana nan, ko bayan awa biyu da rabi akwai saura. Ga malamanmu ma ba wannan ce tambayar ba, tun da giya najasa ce a wurinsu, kuma abin da aka zuba ta a ciki ya ɓaci. Ruwan khal da ya samu daga giyar da ta juye da kanta kuwa halal ne.

Zama a teburin ya fi sauran wuya. Tirmizi ya ruwaito hani ga mai imani ya zauna a teburin da ake zagayawa da giya, kuma wannan shi ne asali. Wasu malaman wannan zamani sun yi rangwame ga wanda ƙin zaman zai jawo masa ɓarna mafi girma, kamar wanda ya musulunta iyayensa ba su musulunta ba. Mu dai a ganinmu yawancin matsalar tana warwarewa tun kafin a zauna, idan mutum ya yi magana da wuri kuma cikin ladabi. Kunya ce ke kai ƴaƴanmu ga sayen kwalbar, alhali yawancin masu masauki, idan aka gaya musu tun ranar gayyata cewa ba ma sha kuma ba ma kawowa, sukan karɓa ba tare da ɓacin rai ba, tun da a cikinsu ma masu ƙin sha suna ƙaruwa. Wanda ya ga zaman zai yi masa nauyi yana iya neman a haɗu a shan shayi da la'asar, ko shi ya gayyace su ɗakinsa ya dafa musu. A al'adarsu ma ba kwalba kaɗai ake kai wa mai gida ba, ana kai furanni, ana kai kayan zaƙi. Ɗan Nijar kuwa yana da abin da babu shi a kantin unguwarsu: dabinon Kawar, ko cukun Abzin, ko busasshen zoborodo da zai nuna wa uwargidan yadda ake jiƙa shi da citta da kanumfari. Ruwansa ja ne, yana da ɗan tsami da ɗan bauri, kuma duk wanda ya taɓa sha a kan gasasshen naman rago ranar layya ya san yadda yake yanke kitse.